Giyar Haibirid da Shan Mai: Wace Ce Ta Dace da Hanyoyin Sakkwato?

Baban Sadik: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara na zo nema wurin waɗanda suka san mota. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 nake lallaɓa tsohuwar motata, amma yanzu tura ta kai bango. Kullum daga Arkilla nake kai yara makaranta Mabera, in wuce wurin aiki, da rana in koma in kwaso su, duk cikin cunkoso kuma esi a kunne. Na yanke shawarar in sayar da ita in cika kuɗi in ɗauki haibirid ta Kwatano, wato motar nan mai haɗa injin fetur da na lantarki. Jiya da na ce wa makanikina Prius nake so sai ya riƙe baki, wai giyarta CVT ce, ranar da bel ɗin ya tsinke sai dai in nemi wata giyar sukutum. Gaskiya ne? Sannan wai giya tana da ruwa da shan mai ne, ko duk aikin batir ne?

Maman Ikram: Wa alaikumus salam. Ni dai shekara uku ke nan ina hawan haibirid, ban taɓa jin wani bel ba. Amma bari masana su zo.

Ɗan Illela: Malam, ka riƙe kuɗinka. Ni kullum bisa hanya nike, Sakkwato zuwa Illela, wani lokaci sawu biyu a yini. Wani abokin aikinmu ya sawo irin wagga mota shina ta cika baki, munka jera da shi, munka sha mai gidan mai guda, munka dawo. Bambancin da ag ga tsakaninmu bai kai a tada jijiyar wuya ba. Tatsuniya ta kawai.

Injiniya: Ɗan Illela, ban ƙaryata abin da ka gani ba, sai dai hukuncin da ka yanke ya yi faɗi da yawa. Bari in fara da maganar bel. Baban Sadik, makanikinka ya haɗa abu biyu ne saboda sunansu ya yi kama. Akwai CVT ta bel, wato giyar da ke canzawa ba tare da hawa-hawa ba, wadda ke cikin ƙananan motoci da yawa na zamani: faifai biyu ne masu buɗewa da tsukewa, bel na ƙarfe yana gudu a tsakaninsu. Wadda ke cikin Prius kuwa ana ce mata e-CVT, kuma babu bel irin wannan a cikinta, babu kuloci, babu konbata, wato tukunyar man nan da ke tsakanin inji da giya a motar otomatik. Ko giyar ribas ma babu. In za ka yi baya, injin lantarki ne kawai ke juyawa ta ɗaya ɓangaren.

Baban Sadik: Ikon Allah. To me ke cikinta?

Injiniya: Haƙoran ƙarfe ne a haɗe wuri guda, tsarin da ake kwatantawa da rana da taurari. Akwai ƙaramar giya a tsakiya, ita ce ranar. Akwai ƙanana da ke zagaye ta a kan wani faranti. Sai babban zobe mai haƙora ta ciki da ya kewaye su duka. Injin fetur yana juya farantin ƙananan. Ƙaramin injin lantarki yana haɗe da ta tsakiya. Zoben kuma yana haɗe da babban injin lantarki da tayoyi. Kwamfutar motar tana ƙara wa ƙaramin injin lantarkin nan gudu ko ta rage, da haka take zaɓa wa injin fetur juyin da take so, ko motar tana tafiyar hawainiya ko tana sheƙa gudu. Wannan shi ne duk canjin giyar. Toyota ta fito da tsarin a Prius ta farko a Japan a 1997, kuma har yau kusan duk haibirid ɗinta a kansa suke.

Oga Sahara: Injiniya ranka shi daɗe, ka yi mana adalci dai. Ba duka makanikai ne ba su san abin ba. Ni na buɗe wagga giya da hannuna. Wanda duk ya san aksul na bayan mota, yadda yake raba ƙarfi tsakanin taya biyu, to ya gane ta. Kayan cikinta ba su kai rabin na otomatik ba. Abin da ke tsorata yaranmu shi ne wayoyin nan masu ruwan lemu, don wutar da ke cikinsu tana kisa. Batirin ya haura bolt 200.

Injiniya: Oga, na karɓi gyara. Kwatancen aksul ɗin nan ma ya fi nawa.

Yanzu tambaya ta biyu, ruwan giya da shan mai. Injin fetur kamar raƙumi yake, yana da takun da in ka bar shi a kai zai wuni yana tafiya bai galabaita ba. Akwai juyi da nauyin da a nan ne yake fitar da aiki mafi yawa daga kowace lita. A motar da muka saba, injin ɗaure yake da taya ta hanyar giya huɗu ko biyar, don haka a cikin gari kusan kullum a wajen wannan takun yake: ka taka, ka saki, ka tsaya a shataletale yana ta ƙona mai a banza. Aikin giyar haibirid shi ne ta kwance wannan ɗaurin. In buƙatar ƙarfi kaɗan ce, sai ta kashe injin gaba ɗaya lantarki ya ja. In ta tayar da shi kuma, sai ta ɗora masa nauyin da ya dace, rarar ta tafi batir. Batirin ba shi ne tushen ƙarfin ba, tunda ba a sa shi caji a bango. Rumbu ne kawai. Duk abin da ke cikinsa daga fetur ya fito, ko kuma daga birki.

Maman Ikram: Daga birki kamar yaya?

Injiniya: Hajiya, in kika taka birki a hankali, babban injin lantarkin ne ke komawa janareto. Tayoyi su juya shi, shi ya riƙe motar, wutar ta shiga batir. A motar gargajiya wannan ƙarfin zafi yake zama a faifan birki ya bi iska. Shi ya sa masu haibirid ke daɗewa ba su canza takalmin birki ba.

Ɗan Illela: To ai ka zo wurin. Ni daga na hita Sakkwato na wuce Kware, birki nawa zan taka kahin Gwadabawa? In ba rami ko shingen jami'ai ba, ƙahwata bisa totur take. Mi batir zai tara?

Injiniya: Daidai. Kai ka faɗi rabin amsar da bakinka. Ga sauran rabin, kuma da harshenku na bakin iyaka zan faɗa maka. In ka canza naira zuwa sefa a Illela, ka tsallaka Ƙonni, ka dawo ka sake mayar da ita naira, kuɗinka suna dawowa cif?

Ɗan Illela: Ina hwa! Ɗan canji sai ya ci nashi, zuwa da dawowa.

Injiniya: To haka ƙarfin inji yake. Duk lokacin da aka mayar da juyi ya zama wuta, aka bi da ita ta inbata, wato na'urar da ke sarrafa wutar, aka sake mayar da ita juyi, sai an bar wani abu a hanya. A giyar Toyota ƙarfin injin kashi biyu yake rabuwa: wani ya bi haƙoran ƙarfe kai tsaye zuwa taya, wani ya bi ta wurin ɗan canji. A cikin gari ribar kashe inji da tara wutar birki ta ninka ladan ɗan canjin, shi ya sa ba a jin sa. A doguwar hanya da gudu ɗaya kuwa, babu tsayawa, babu birki, injin kowace mota yana kusa da takunsa mai kyau, sai ribar ta ragu. A Prius ta da, zoben haƙora 78 gare shi, ta tsakiya 30, saboda haka kashi 72 cikin 100 na ƙarfin ke bin ƙarfe, 28 ke bin wuta.

Malamin Fizis: Injiniya, a gafarce ni, a nan akwai ɗan gyara. Wannan 72 da 28 rabon ƙarfin murɗawa ne, shi ne ba ya canzawa. Amma rabon aikin da ake yi a kowane daƙiƙa ya danganta da gudun kowane ɓangare. Misali mota tana tsaye inji yana aiki: zobe ba ya motsi, don haka komai ta ƙaramin injin lantarki yake bi, ɗari bisa ɗari. A wani matsakaicin gudu kuma ƙaramin yakan kusan tsayawa cik, a lokacin kusan komai ta ƙarfe yake bi, asara ta yi ƙasa sosai. In aka wuce nan aka ƙure gudu, sai ƙaramin ya koma juyawa da baya yana cin wuta, babban ya koma samar da ita, wutar ta riƙa kewaye a cikin giyar. Nan ne ɗan canjin naka ke cin riba sau biyu.

Injiniya: Malam ya fi ni gaskiya. Na gajarce ne har na ɓata. Na gode.

Baban Sadik: Ni fa kun fara tafiya da ni makaranta. 😅 A sauƙaƙe dai, a gari tana da kyau, a hanya ba ta da kyau?

Malamin Fizis: A'a, kada ka ɗauke ta haka. A hanya ma tana da kyau, ratar ce ba ta kai ta gari ba. Dubi alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka a kan Prius ta 2010: mil 51 a galan cikin gari, 48 a babbar hanya. In ka juya shi, kusan kilomita 21 da rabi ke nan a lita a gari, 20 da ɗoriya a hanya. Ka lura, ta fi ƙoƙari a gari. Motar gargajiya akasin haka take, a gari take zuƙar mai. To ga wata: Hyundai Ioniq ta 2017, samfurin Blue, 57 a gari, 59 a hanya. Ita ta fi ƙoƙari a hanya. Duka haibirid ne, amma halinsu ya saɓa, kuma tsarin giya na cikin manyan dalilai.

Ɗan Illela: Yawwa, wagga ta biyun nika son ji. Mi ag gare ta?

Injiniya: Hyundai da Kia wata hanya suka bi. Sun bar giya mai hawa-hawa yadda aka sani, sai suka saka injin lantarki guda ɗaya tsakanin inji da giya, da kuloci mai raba su. A Sonata haibirid giyar otomatik ce mai hawa 6 amma an cire konbata, injin lantarkin ya zauna a gurbinta. Konbata kuwa da ma wurin asara ce, don da mai take tura mai, akwai sulɓi. A Ioniq da Kia Niro giya ce mai kuloci biyu, ita ma hawa 6. In ka hau doguwar hanya ta shiga giyar ƙarshe, injin ya haɗe da taya ƙarfe da ƙarfe, babu ɗan canji a tsakani. Kuma za ka ji tana canza giya kamar motar da ka saba. Farashin hakan shi ne kayan ciki sun fi yawa: kuloci, da na'urorin da ke matsa shi, da canjin giyar da dole kwamfuta ta daidaita.

Honda kuma ta yi wata dabara a Accord haibirid tun daga 2013. A gari injin fetur janareto kawai yake juyawa, lantarki ke jan motar. In an hau hanya gudu ya daidaita, sai kuloci ɗaya ya kama, ya haɗa injin da taya kai tsaye a kan giya guda mai kama da ta ƙarshe. Ba ta da giyabos irin wanda muka sani sam. A ganina wannan tsarin ya fi kowanne wayo a takarda. Sai Nissan e-Power, wadda ta fara a Note a 2016: ita injin ba ya taɓa haɗuwa da taya, kullum ta wurin ɗan canji ake bi. Daɗin tuƙi a gari, amma ba ita zan ba mai Illela ba.

Oga Sahara: A takarda, in ji ka. Ni kuma a gareji nike. Ku tambaye ni wace ce in ta lalace za a samu kayanta a Sakkwato ko Kano cikin kwana biyu, kuma wa zai ɗaura. Mota komai wayonta, in tana kwance ƙarƙashin dalbejiya wata biyu ana jiran kaya daga Legas, mai nawa ta rage maka? Kuɗin kabu-kabu za ka ƙare a kai.

Abu Mai Waya: Jama'a ina da Camry 2010 lafiyayya, ba haibirid ba, duk mai so ya yi min magana ta gefe.

Admin: Abu, ranar Juma'a ake talla a gidan nan. Ka goge don Allah.

Malamin Fizis: Wani abu da ba a faɗa ba: giyar ce ta ba su damar canza injin kansa. Injin haibirid na Toyota a kan tsarin Atkinson yake aiki, yana jinkirta rufe bawul ɗin shigar iska, sai ya tatsi aiki mai yawa daga man amma ba shi da kuzari a ƙaramin juyi. In ka sa shi a motar gargajiya zai yi nauyin tashi. Da yake lantarki na cike masa wannan giɓin, sai aka samu sarari. A Prius ta 2015 Toyota ta ce injin ya kai kashi 40 cikin 100 na mayar da zafin fetur aiki. Ita giyar ma ba ta tsaya yadda take ba: a Prius ƙira ta biyu akwai sarƙa a ciki, a ta 2009 aka cire sarƙar aka sa haƙora, a ta 2015 aka sake jera injinan lantarkin gefe da gefe don rage gogayya. Saboda haka Baban Sadik, shekarar motar ma abin dubawa ce, ba sunan kawai ba.

Ɗan Illela, kai kuma ka sani iska tana da nata. Turjiyar iska da murabba'in gudu take ƙaruwa, in ka ninka gudu ta ninka sau huɗu. Wanda ke 130 da buhunan albasa a saman mota, babu giyar da za ta cece shi.

Ɗan Illela: Malam ka taɓa ni. 😂 Amma albasa ba ni ɗora ta sama, but nika sa ta.

Maman Ikram: Bari in ba ku nawa labarin, ko zai amfani Baban Sadik. Bara da bazara, wajen watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke wuce 40, sai na lura motata ta daina yin shirun da ta saba. Da in na tsaya a danja sai injin ya mutu, esi na ci gaba da busawa. Sai ya zama ba ya mutuwa, ga wani huci daga kujerar baya kamar ana hura wuta. Mai kuma ya fara ƙarewa da wuri. Wani mai gyara ya ce min giya ce ta tafi, in kawo kuɗin wata. Allah ya sa maigidan ya ce a ƙara jin bakin wani.

Oga Sahara: Irin wannan na gani ba sau ɗaya ba. Fankar batir ce ko?

Maman Ikram: Ita ce wallahi. A gabana aka cire ta. Ƙurar hunturu ta daskare a fukafukanta kamar an shafa laka, ga zaren darduma, ga bawon gyaɗa, har da ledar alawar yara a bakin ramin da take shaƙar iska a gefen kujera. Da buroshin haƙori yaron ya wanke ta. Washegari motar ta koma shirunta.

Oga Sahara: To kun gani. Batir in ya yi zafi kwamfuta takan rage aiki da shi don kada ya lalace, sai nauyin ya koma kan injin fetur. Giyar lafiyarta lau, abokin aikinta ne anka shaƙe. A garin ga duk mai haibirid ya riƙa duba fankar nan bayan hunturu, kuma kada a jingina jaka ko filo a bakin ramin. Sannan abu biyu da nike roƙon mutane. Na ɗaya, man giya: ta Toyota ATF WS take sha, kada wani ya ga an rubuta CVT ya zuba mata man giyar bel, don injinan lantarkin a cikin man nan suke. Na biyu, masu ɗura gas na esi. Kwamfaresar lantarki ce, man ta daban ne wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. In anka zuba na gama-gari sai motar ta fara kawo fitilar gargaɗi, wata ma ta ƙi tashi.

Injiniya: Tunda an zo halayenmu, bari in ƙara. Direbobinmu suna son sakin mota a firi in sun hango gangara ko danja, wai ana rage mai. A haibirid irin ta Toyota in ka sa N, wato firi, batir ba ya caji ko kaɗan, ka zubar da wutar da birki zai tara maka. Ka bar ta a D. Sai harafin B da ke jikin giyar. Na sha jin masu cewa B batir ke nan, su wuni a kai suna zaton caji suke. B na saukowa daga dogon tsauni ne, injin fetur take juyawa ya riƙe motar, ƙarfin ya tafi a iska. A Sakkwato wane tsauni gare mu?

Ɗan Illela: Wallahi abokin nan nawa da munka jera, firi shika saki tun daga nesa in ya hango shinge. Kuma ba shi sauka daga 120.

Injiniya: Ka ga ashe ba motar kaɗai aka gwada ba ranar.

Ɗan Illela: Duk da haka ban sallama ba. Sai na ga mai hawa shidan nan da idona bisa hanyar Illela, da fasinja cike.

Malamin Fizis: Wannan ai shi ne daidai. Ka cika tanki har baki, ka rubuta kilomita, ka je ka dawo, ka sake cikawa a famfo ɗaya. Kada ka yarda da abin da allon mota ke nunawa kawai.

Baban Sadik: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Yadda na fahimta, tafiyata ta Arkilla da Mabera irin wadda giyar Toyota ke so ce, Birnin Kebbi kuwa sai da salla nake zuwa. Oga Sahara, akwai guda biyu da aka nuna min, ta 2008 da ta 2012. In na karɓo su gwaji ranar Asabar za ka duba min?

Oga Sahara: Kawo su da safe kafin rana ta yi. Ka ce wa dillalin kada ya goge komai a kwamfutar motar, ina son in ga abin da ta ajiye, in kuma auna batirin ɗaya bayan ɗaya. In wata ta mutu maka a hanya kada ka yarda a ɗaura igiya a ja ta tayoyin gaba na ƙasa, janwe za ka nema ya ɗauke ta.

Baban Sadik: To ranka ya daɗe. Ƙarfe takwas in sha Allahu.

Maman Ikram: Ka tafi da buroshin haƙori. 😄